Kafin ka jefar da dikoda, ka fara duba wuta da waya



A tsakiyar daminar da ta wuce, dikodar gidanmu a Agege ta ɓullo da wani hali. Ka kunna ta, fitilar gaba ta kawo, tambari ya fito a talabijin, sai ta mutu ta sake tashi. Haka za ta yi ta yi. In ma ta daure ta tsaya, sai hoton ya riƙa daskarewa yana farfashewa. Wani zai ce ai ƙaramin abu ne. To Innarmu ba ta jin Turanci, Yarbancinta ma na cefane ne kawai. Wannan 'yar akwatin ce ke kawo mata Hausa har ɗaki, da ita take kallon Daɗin Kowa a Arewa24. Kwana uku da lalacewarta gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Na kai wa wani mai gyara. Ko buɗewa bai yi ba ya ce mini cikinta ya ƙone, sai sabuwa. Da na dawo na faɗa wa Baba, lokacin kuma kasuwar shanu ba ta ja, kuɗin tirela ya cinye riba, sai ya kalle ni ya ce, “Kai da ka tashi a kara. In an sauke saniya daga mota ta kwanta ta ƙi tashi, wuƙa ake fara ɗaukowa ko ruwa?” Na ce ruwa, Baba. Ya ce, “To je ka ba ta ruwa tukuna.”

Abin da na gano daga nan shi nake son in raba da ku. Dikodarmu lafiyarta ƙalau. Abubuwa biyu ne suka hana ta aiki, kuma duk a wajenta suke.

Fara da wuta

Yawancin ƙananan dikodojin yanzu ba sa shan wutar NEPA kai tsaye. Wutar gida a Najeriya 230V ce, adafta ce ke sauko da ita zuwa 12V. Ita adaftar nan ita ke fara shan duka in wuta ta yi sama ko ƙasa, shi ya sa take riga dikodar gajiya. Kuma ba lallai ta mutu gaba ɗaya ba. Tana iya kunna fitila amma ta kasa ɗaukar nauyin aiki. Alamunta su ne dikoda ta riƙa mutuwa tana tashi, ko ta tsaya a kan tambari, ko ka ga wani layi mai duhu yana hawa a kan hoto a hankali, ko ka ji sauti yana gunji.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka aro adafta mai lafiya daga maƙwabci. Amma ka karanta rubutun jikinta. Lambar da ke da V dole ta zo daidai da wadda aka rubuta a bayan dikodarka: in 12V ce, 12V za ka sa, ba 9V ba, ba 19V ta laftop ba, don wannan nan take za ta ƙona ta. Lambar da ke da A kuwa, in ta fi yawa babu laifi, in ta gaza ne matsala. Dikodar da ke son 1.5A za ta yi aiki da adafta mai 2A, amma mai 1A ba za ta riƙe ta ba. Ka duba ɗan zanen da ke nuna + da – shi ma, yawanci + a tsakiyar bakin yake, ka tabbata na biyun sun yi daidai.

Kafin ma wannan, cire filogin daga ekstenshan ka sa shi a soket ɗin bango. Ekstenshan da ya saki, wanda fanka da cajar waya biyar ke rataye a kai, ya isa ya sa dikoda rawa.

Sai wayar dish

Ga abin da da yawanmu ba mu sani ba. Wayar da ke zuwa daga dish ba sigina kaɗai take kawowa ba, wuta ma take kaiwa. Dikoda ce ke tura 13V ko 18V ta cikin wayar zuwa LNB, wato ɗan abin nan da ke bakin sanda yana kallon farantin. Saboda haka in wayar ta samu matsala, dikodar ma sai ta rikice.

Yadda na yi shi ne, na kashe wuta, na kwance wayar dish daga bayan dikoda, sannan na kunna. Sai ga ta ta tashi ta tsaya cak, ba mutuwa. Wannan ya nuna mini cikinta bai ƙone ba. Da na duba kan wayar, sai na ga siririn gashin ƙarfe guda ɗaya, daga sakar da ke kewaye, ya lanƙwashe yana taɓa jan ƙarfen tsakiya. Waɗannan biyun ba sa haɗuwa. In suka haɗu, wata dikodar za ta rubuta maka gargaɗi a kan LNB, wata kuma ta mutu kawai. Na hau sama da safe bayan kwano ya bushe, na tarar ɗaya kan da ke jikin LNB ya yi tsatsa, ruwa ya shiga. Damshin Legas ba irin na Arewa ba ne, ƙarfe ba ya daɗewa a waje. Na yanke duka kawunan biyu, na fere sabo, na ɗaura, na naɗe na waje da tef sosai. Hoto ya daina farfashewa. Amma jefi-jefi tana mutuwa, sai da na gwada adaftar maƙwabcinmu sannan ta zauna daram. Ashe cuta biyu ce ta haɗu.

A kiyaye, kada a ɗaura ko a kwance wayar dish dikoda tana kunne.

In ka shiga wajen saiti za ka ga layi biyu, ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinta. In duka biyun sun faɗi ƙasa, ka zargi waya ko LNB. In ƙarfi yana nan amma inganci babu, galibi iska ce ta karkatar da dish, ko wani ya yi shanya a kai, ko tashar ta canja lamba. In kuwa ana ruwan sama mai ƙarfi ne hoto ya ɗauke, kada ka taɓa komai. Ruwan ne ya tare sigina, yana tsagaitawa za ta dawo.

In sauti na fita amma hoto ya ƙi

Nan kuma tsakanin dikoda da talabijin za ka duba. Wayar nan mai kai uku, rawaya ita ce hoto, ja da fara sauti ne. Ka tabbata talabijin tana kan ƙofar da ka sa wayar, AV ko HDMI, don sau da yawa yaro ne ya danna rimot.

In hoto ya fito baƙi da fari, ko yana birgima, abu biyu ne aka fi samu. Na ɗaya, an sa rawayar waya a koren rami, a talabijin masu ramukan kore da shuɗi da ja. Na biyu, tsarin launi. Najeriya PAL take amfani da shi, Amurka kuma NTSC. In dikoda tana kan NTSC, talabijin kuma ba ta gane shi, launi zai ɓace. Shiga saiti ka mayar PAL.

Masu haɗa tsohuwar talabijin mai ƙeya da sabuwar na'ura ta hanyar 'yar akwatin da ke mayar da HDMI zuwa AV, ku lura da abu uku. Akwai ɗan makunni a gefenta na PAL da NTSC. Tana buƙatar wutarta ta 5V ta wayar USB, in babu sai hoto ya riƙa ƙyaftawa. Sannan hanya ɗaya take bi: wadda ke mayar da HDMI zuwa AV ba ta yin akasin haka. In ka je Alaba saye, ka faɗa wa mai shago wace na'ura ce ke ba da hoto, wace ce ke karɓa.

In kuma HDMI ka sa allo ya yi baƙi, mai yiwuwa dikodar tana fitar da 1080p, talabijin ɗin kuma ba ta ɗauka. Haɗa da rawayar waya don ka ga saiti, ka sauke zuwa 720p, sannan ka koma HDMI.

Abin da ke kashe su tun farko

Ƙaramin janareto in mai ya kusa ƙarewa yakan yi ta tari, wuta na hawa da sauka. Ka kashe dikoda kafin ka kashe janareto, kuma ka bari ya daidaita kafin ka kunna ta. In NEPA sun kawo wuta, ka ɗan jira mintoci, ko ka sayi na'urar nan mai jinkirta wuta da ake sa wa firiji da talabijin. In ana tsawa, cire filogi da wayar dish duka. Iyayenmu mata kuma, don Allah a daina rufe dikoda da ƙyalle tana aiki. Ramukan jikinta na shan iska ne, zafi na sa ta daskare.

Inda za ka tsaya

In ka canja adafta, ka cire wayar dish, ka gwada wata talabijin, duk da haka ba ta tashi ba, ko kana jin ƙaurin ƙuna, to yanzu ne lokacin mai gyara. Kada ka fasa adafta, kuma kada ka buɗe dikodar da wayar wutarta ke shiga ciki kai tsaye. Akwai kafasita a ciki mai riƙe wuta sama da 300V ko bayan an zare filogi. In ka je wajen mai gyara, ka tafi da adaftarka, ka ce ya auna ta da mita a gabanka.

Mu dai adafta ɗaya da kawunan waya biyu muka saya, kuɗin bai kai na buhun dusa ba. Da daddare Inna ta shimfiɗa tabarmarta gaban talabijin, ta ce, “Allah ya yi maka albarka.” Baba kuwa cewa ya yi gobe in biyo shi Oko-Oba, akwai rediyon dillalinsa da ta ƙi magana.