Yadda Ake Rainon Sabon Marubuci

Duk wanda ya daɗe yana rubuta ƙagaggun labarai ya san irin wannan rana. Saurayi ko budurwa za su zo su gaishe ka, a yi ta kewaye-kewaye, sai can a zaro littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa har ya fara cinyewa, a ce, "Malam, ɗan wani abu ne na rubuta, ko za a duba mini." Yanzu galibi ta WhatsApp ake turowa, amma fargabar tana nan yadda take. Abin da ka yi da littafin nan cikin makonni biyu yana iya sa mai shi ya riƙe alƙalami har tsufa, ko ya ajiye shi ke nan. Shi ya sa aikin yake da tsari, kuma tsarin nake so mu bi daki-daki.

Karatun farko ba a yin sa da biro a hannu. Ka karanta daga bango zuwa bango kamar wanda ya sayi littafin a kasuwa, ka lura da inda hankalinka ya tafi wani wuri da inda ka manta da shayin da ke gabanka har ya huce. Wuraren nan biyu su ne jagorarka. Idan ka fara da jan biro, kurakuran rubutu za su rufe maka ido, ka kasa ganin ko akwai labari a ƙarƙashinsu.

Daga nan sai ka kira mai rubutun, ka rufe littafin, ka ce ya ba ka labarin da baki. A nan na fi daɗewa, domin a nan ake gane komai. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini labarin da ta buɗe da shafi uku na siffanta kyan tauraruwarta: idanu, gashi, tafiya, har lallen ƙafa. Na ce, "Ɗiyata, ajiye takardar, me ya sami yarinyar nan?" Ta ce, "Baba, ranar da aka kai ta ɗakin miji ta tarar da akwatin kayan matar da ta rasu a ƙarƙashin gado, ba wanda ya gaya mata ya taɓa aure." Na ce to ga farkon labarinki nan, a shafi na 19 kika binne shi. Bahaushe gwanin ba da labari ne tun daga gatanan gatananku, amma da ya ɗauki biro sai ya ga kamar dole ya sa babbar riga. Aikinka shi ne ka maido masa da muryar da yake hira da ita a zaure ko a tsakar gida.

Sai hirar taurari. Ka sa shi ya karanta ta da ƙarfi, kunnensa zai kama abin da idonsa ya tsallake. Tsohuwar ƙauye ba ta magana kamar mai karanta labaran rediyo, kuma 'ya ba ta kiran sunan mahaifinta gatsal. Idan kowa a littafin bakinsa ɗaya, marubucin ne ke magana shi kaɗai.

Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe a gyara, ko da yake ba su da arha. A koya masa haruffa masu lanƙwasa, ya san kafa daban, ƙafa daban, ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta. Wannan mako biyu ya isa, in dai yana so.

Akwai jarabar da ke kama kowane tsohon marubuci a daidai wannan gaɓa: ya karɓe alƙalamin ya sake rubuta shafin da kansa, tunda ya san zai fi kyau. Kada ka yi. Shafin zai yi kyau, amma naka ne, yaron kuwa ya koma gida bai ƙaru da komai ba. Tarihin adabinmu ya nuna hanyar da ta fi. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam a lokacin malamin makaranta ne a Katsina, bai daɗe da haura shekara 20 ba. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, yana rubutawa suna zama suna dubawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Tushen labaran da yawa na aro ne, amma akun cikin littafin da fadar Sarki Abdurrahman da zaƙin Hausar duk na Imam ne. An ba shi abin karantawa, an ba shi lokaci, an ba shi mai faɗa masa gaskiya, aka bar masa bakinsa.

Saboda haka ka ba ɗalibinka littattafai, ko da aro ne, ka kuma tambaye shi abin da ya gani a ciki. Wanda ba ya karatu rubutunsa ba ya nisa.

Mataki na gaba mutane kan manta da shi, alhali ya fi gyaran jimla nauyi, wato buɗe ƙofa. Lokacin da kamfanonin ɗab'i suka ja baya a shekarun 1980, marubutan Kano ba su zauna jira ba. Ƙungiyar Raina Kama, inda akwai Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne, da Ɗan'azumi Baba, ta zama inuwar da sabon marubuci zai koyi yadda ake hulɗa da maɗaba'a da 'yan kasuwar littattafai. An yi musu laƙabin Adabin Kasuwar Kano, an soke su sosai, wasu sukan ma da hujja. Ni dai abin da nake girmamawa shi ne wanda ya riga ya yi suna ya yarda a jera sunan ƙaninsa kusa da nasa. Yau ƙofofin sun ƙaru. Akwai zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, akwai kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata. Ka kai ɗalibinka irin waɗannan wurare da ƙafarka, ka zauna a baya lokacin da yake karanta labarinsa gaban jama'a, domin ranar farko harshe kan sarƙe.

Idan ya shiga gasa bai ci ba, kada ka bari sai ya neme ka. Ka kira shi a ranar, ku sake zama kan labarin, ku gano inda ya yi rauni. Idan kuma littafin ya fito, ka ƙi karɓar na kyauta. Ka sayi naka da kuɗinka, ka miƙa masa biro ya sa hannu a shafin farko, sannan ka tambaye shi ranar da zai kawo maka babin farko na littafi na biyu.