Bargon Matan Osage

A jihar Oklahoma ta Amurka akwai al'ummar Osage, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Abin da ya burge mu shi ne bargon ulu da matansu ke yafawa ranar biki. Adon bakinsa na siraran ƙyallayen siliki ne, irin waɗanda fataken Faransa suka fara kawo musu. Matan sukan jera su launi kan launi, su tsaga na sama, su kalmashe bakin, su ɗinke, sai launin ƙasa ya leƙo. Aiki ne mai cin ido, shi ya sa masu iyawa suka yi ƙaranci. Georgeann Robinson ta dage da koyar da shi, har aka karrama ta a 1982. Yanzu ma ana yafa shi a rawar watan Yuni a garin Pawhuska.