Bayan Cire Haƙori: Matsalolin da Kan Biyo Baya da Yadda Za a Tunkare Su

Gabatarwa

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Da yawa daga cikinmu a Suleja mun ɗauka da zarar haƙori ya fita, magana ta ƙare. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani zan yi ƙoƙarin nuna cewa kwanaki ukun farko su ne jigon warkewa, kuma sirrin yana ga ɗan gudan jinin da ke daskarewa a cikin gurbin haƙorin.

Zubar Jini

Gudan jinin nan shi ne murfin da ke rufe ƙashi da jijiyoyi. Saboda haka ne likita ke sa mutum ya ciji auduga na kamar minti 30 zuwa 60. Ɗan jini-jini a miyau a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan baki na cika da jini, sai a sake cizon tsaftataccen ƙyalle, a zauna kai a sama. Kada a sha asfirin, domin yana hana jini daskarewa. Mai ciwon suga ko sikila ko hawan jini, da mai shan maganin tsinka jini, ya sanar da likita tun kafin a taɓa shi.

Bushewar Gurbi

Idan gudan jinin ya fice, ƙashi kan zauna a buɗe. Alamarsa ita ce ciwo mai tsanani bayan kwana 2 zuwa 4, wanda kan harba har kunne, tare da warin baki. An fi ganinsa a turamen ƙasa. Shan taba, kurkure baki da ƙarfi, yawan tofar da miyau da tsokanar wurin da harshe ko tsinke duk suna jawo shi. Don haka a bar kurkure baki har awa 24, sannan a riƙa yi a hankali da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri. A ci abinci mai laushi kamar kunu da ya huce, a ajiye goro da rake tukuna. Idan ciwon ya taso, likita ne zai wanke gurbin ya sa magani.

Kumburi

Kumburin kunci kan kai ƙololuwa a kwana na 2 ko na 3, sannan ya fara sacewa. Wanda ke ƙaruwa, ga zazzaɓi, ga mugunya, alama ce ta shigar ƙwayoyin cuta. Mafi haɗari shi ne kumburin da ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi har haɗiya ko numfashi ya yi wuya. Wannan kan kashe, ba a kwana da shi a gida. A garzaya Babban Asibitin Suleja, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce mu wayar da kan mutanenmu su daina cusa taba gari ko kanwa a gurbin haƙori, ko sayen kafso barkatai a kemis. Haka nan idan dindiris ɗin leɓe ya wuce yini guda bayan allurar kashe zafi, a koma wurin likita. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.