Tsohon Kaya da Kuɗinsa: Gaskiya da Ƙarya a Kan Ƙiyasin Kayan Gado

A watan Mayun 2018, 'yan sandan Malesiya suka kai samame benen Pavilion Residences da ke Bukit Bintang, unguwar manyan kantuna ta Kuala Lumpur, da wasu gidaje da aka danganta da tsohon firaminista Najib Razak. Ƙirga tsabar kuɗin da aka samu aikin haƙuri ne kawai, amma sauran kayan sai da aka kira masana. A ƙarshen Yuni aka sanar da sakamako: kayan ado kusan 12,000, jakunkunan hannu 567, agoguna 423, jimillar komai tsakanin ringit miliyan 900 da biliyan 1.1. Tazarar ringit miliyan 200 ke nan a kan kaya ɗaya, kuma daga bakin ƙwararru.

Babu tsofaffin kujeru a jerin, amma matsalar iri ɗaya ce da ta magadan da aka bar wa tsohon kabad, ko adaka, ko gadon kwana mai rumfa. Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke zuwa Malesiya suna dawowa da labarai kan irin waɗannan kaya, a gida ma akwai namu. Ga tantancewa.

"Duk tsohon kaya mai tsada ne." Ƙarya.

Shekaru ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake dubawa, kuma ba shi ne babba ba. Mai ƙiyasi yana duba irin itacen, da hannun da ya sassaƙa shi, da lafiyar kayan, da ƙarancin irinsu, da tarihin mallakarsu, sannan ko akwai masu neman su a yau. A Malesiya an fi darajta kayan Peranakan, wato zuriyar 'yan kasuwar Sin da suka zauna a Melaka da Penang da Singafo suka yi auratayya da mutanen gari. Kujerunsu na baƙin katako ne da aka dasa wa ƙumbar teku mai ƙyalli, kabad ɗinsu kuma ja ne da ruwan zinariya. Saboda suna da kasuwa, kafintoci suna ƙera sababbi irinsu sak. Shi ya sa masani ba ya tsayawa a fuska: yana jawo aljihun tebur ya duba ƙasansa, ya ga ko zarton hannu ne ya yanka ko na inji, ya dubi haɗin katakon da irin ƙusar, ya ga ko zaizayar ta faɗo inda hannu da ƙafa suka saba taɓawa. Wanda ya faɗa maka kuɗi daga hoton WhatsApp, cinikin biri a sama ya yi.

"Sai abu ya shekara 100 yake zama kayan tarihi." Rabin gaskiya.

A tsarin kwastan na Amurka da na ƙasashe da dama haka ne. Amma dokar kayan tarihi ta Malesiya ta 2005 ta sa iyakar a shekara 50 ga abin da ake iya ɗauka. A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haɗa da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918. Don haka kujerar da aka ƙera a 1960 tana iya shiga ƙarƙashin doka a Kuala Lumpur, alhali jami'in kwastan a New York tsohuwar kujera kawai yake gani.

"Gwamnatin Malesiya tana yankar haraji daga dukiyar mamaci." Ƙarya.

An soke harajin gado a Malesiya tun 1 ga Nuwamban 1991. Mai yiwuwa jita-jitar daga Ingila ta samo tushe, inda ake karɓar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000, ana lissafawa da kuɗin da kayan za su yi a kasuwa ranar rasuwar.

Sai dai rashin haraji bai kawar da buƙatar ƙiyasi ba, domin jimillar dukiyar ce ke nuna ƙofar da magada za su ƙwanƙwasa. Kamfanin amana na gwamnati, Amanah Raya, yana iya kammala rabon dukiyar da ba ta haɗa da fili ko gida ba idan ba ta wuce ringit 600,000 ba. Akwai kuma sashen rabon ƙananan gado, wanda gyaran dokar 2022 ya ɗaga iyakarsa daga ringit miliyan 2 zuwa miliyan 5. Abin da ya haura haka na Babbar Kotu ne. Musulmi suna karɓo takardar fara'id daga kotun shari'a, wadda ke fayyace magada da kason kowa. Waɗanda ba Musulmi ba kuma, idan babu wasiyya, ana bin dokar rabo ta 1958. Takardar fara'id za ta ce matar mamacin da ya bar 'ya'ya tana da tumuni, amma ba za ta faɗi nawa ne tumunin kabad ba. Nan aikin mai ƙiyasi yake.

"Kaya kuɗinsu ɗaya ne, ko wa ya tambaya." Ƙarya.

Wannan ce ta fi haddasa rigima tsakanin 'yan'uwa. A lissafin kayan adon Bukit Bintang, 'yan sanda sun ce darajar zinariya da duwatsun kusan ringit miliyan 440 ce, ban da kuɗin aiki, amma a kanti za su kai miliyan 660 zuwa 880. Duk lambobin daidai suke, tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta. Haka kayan katako. Ƙiyasin inshora yana faɗin abin da za ka kashe ka sayi madadin kayan a shago, don haka shi ne mafi girma. Ƙiyasin gado ko haraji yana faɗin abin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita a kai ba tare da matsi ba. Abin da zai shiga aljihu bayan gwanjo ya fi ƙanƙanta, domin za a cire la'ada da kuɗin dako. Magajin da ya ɗauko takardar inshora ya ce a raba da ita, zai zargi 'yan'uwansa da cin amanar da ba su ci ba. Takardar kirki takan faɗi dalilin ƙiyasin, da ranar da ya shafa, da cinikin makamantan kayan da aka dogara da su.

"Takardar ƙiyasi hujjar mallaka ce." Ƙarya.

Ƙiyasi yana faɗin daraja ne, ba ya faɗin mai kaya ko yadda aka same su. A 2021 Babbar Kotun Kuala Lumpur ta ƙi amincewa gwamnati ta mallake tsabar kuɗin da aka kwaso a Pavilion, domin masu ƙara ba su tabbatar da cewa daga haramtacciyar hanya suka fito ba. A gida ma wannan bambanci yana da nauyi. Kayan ɗakin da iyaye suka yi wa 'yarsu, gado da kujeru da kwanuka, nata ne, ba sa shiga gadon mijinta ko da sun shekara 40 a gidansa. A fara ware mallaka da shaidu, sannan a zo maganar kuɗi.

"Dillali ya san kasuwa, ya isa." Rabin gaskiya.

Ya san kasuwa, babu musu, kuma iliminsa yana da amfani. Amma wanda yake son sayen kayan ba zai zama alƙalin kuɗinsu ba. An ba kura ajiyar nama. Haka wanda ladansa kaso ne na kuɗin da ya faɗa, zai so lambar ta kumbura. A biya mai ƙiyasi lada tsayayye. A lura kuma cewa hukumar da ke yi wa masu ƙiyasi rajista a Malesiya, ƙarƙashin dokar 1981, ta fi shafar filaye da gine-gine. Gwanin ƙiyasin bene ba lallai ya bambance aikin Melaka na asali da kwaikwayo ba, sai a nemi wanda ya ƙware a irin kayan.

"A kankare shi, a shafa masa sabon fenti, kuɗinsa zai ƙaru." Ƙarya.

Masu tara tsofaffin kaya asalin fuskar katakon suke saye, da duhun da shekaru suka ba shi. Kankarewa da sauya mariƙi ko ƙafa suna rage daraja, kuma suna goge alamomin da masani zai karanta. Kashe gara da kare kayan daga laima wajibi ne. Sauran gyara ya jira bayan ƙiyasi.

"Abin da ka saya da kuɗinka, kana iya fita da shi." Ƙarya.

Fitar da kayan tarihi daga Malesiya yana buƙatar lasisin Kwamishinan Kayan Tarihi, a Najeriya kuma izinin Hukumar Gidajen Tarihi. Akwai kuma CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji da tsirrai: ta haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989, kuma daga 2017 ta sa takunkumi kan jajayen itatuwa masu tsada da ake ƙera kayan alfarma da su. Cikinsu har da madobiyarmu, wadda aka yi ta sarewa a Taraba ana lodinta zuwa Sin don ƙera kujeru irin na zamanin sarakunansu, har aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Mutum yana iya sayen kujerar da aka ce masa ta tsohuwar daular Sin ce, alhali itacenta bai daɗe da barin dajin ƙasarsa ba. Ko tsohon kayan gaske ne, sai da takardar da ke nuna ya girmi takunkumin, kuma kayan da ba za su iya ƙetare iyaka ba kasuwarsu ta ragu, kuɗinsu ma haka.

Abin yi ga magada

Kafin kowa ya ɗauki ko da kujera ɗaya, a rubuta jerin kayan a gaban shaidu, a ɗauki hotunansu, a tattara rasit da tsofaffin hotunan gida da ke nuna su. A fitar da abin da ba na mamaci ba, a biya bashi, a zartar da wasiyya a cikin sulusi. Idan wani yana son riƙe adakar mahaifinsa, a lissafa kuɗinta a cikin kasonsa. Abu mafi muhimmanci shi ne magada su amince da mai ƙiyasin da kuma irin ƙiyasin tun kafin a ji lambar, domin bayan an ji ta, kowa zai nemi masanin da zai faɗi abin da yake so.