"Me kake karantawa?": Yadda littafi ke yawo hannu zuwa hannu a kudancin Nijar

A Maraɗi, Damagaram, Tawa da unguwannin Yamai, wanda ke neman littafin da zai karanta don jin daɗi ba kasafai yake farawa da kantin littattafai ko ɗakin karatu ba. Yakan fara ne da tambayar aboki a fada, ko ƴar'uwa a gida, ko abokin aiki: "Me kake karantawa kwanan nan?" Amsar da ya samu ita ce ke yanke abin da zai riƙe a hannu, ko ya buɗe a salula, har tsawon mako ɗaya ko biyu.

Masu irin wannan karatu ba malaman adabi ba ne. Akwai tela mai karanta shafi biyu kafin wuta ta dawo, akwai amarya da ke zaman gida, akwai ɗalibar lise a lokacin hutu, akwai ɗan ci-rani a Abijan ko Tamanrasat da ke neman abin da zai ɗebe masa kewa bayan aiki. Ba su da jerin littattafan da aka ɗora musu. Abin da wani ya yaba shi suke nema, kuma abin da babu wanda ya ambata, ko da yana da kyau, haka yake ɓacewa.

Inda ɗakin karatu ya yi nisa

Alƙaluman hukumar UNESCO sun nuna cewa manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Kasuwar littafi ƙarama ce, kuma mafi yawan abin da ake sayarwa a kantuna littattafan makaranta ne da na addini. Wanda ya shiga babbar kasuwar Maraɗi ko Kasuwar Dole ta Damagaram zai samu Ahalari, Ishmawi, Risala da Arba'una Hadisi ba tare da wahala ba, domin makarantun allo da na Islamiyya na buƙatarsu kullum. Littafin labari kuwa sai an bincika.

Shekaru da dama cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, CCFN, mai rassa a Yamai da Damagaram, tana cikin manyan wuraren da matasa ke aron littafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da lalacewar dangantaka da Faransa, tsarin cibiyar ya sauya, kuma daga baya aka raɗa wa ta Yamai sunan Moustapha Alassane, fitaccen mai shirya fina-finai. Ɗakunan karatun jami'o'i kuma na ɗalibai ne da malamansu. Tela ko mai kabu-kabu ba ya tunanin taka ƙafa can.

Abin da ya rage wa mai karatun nishaɗi shi ne mutanen da ke kewaye da shi. Littafi guda yakan zaga gida biyar ko goma, bangonsa ya yage, a liƙe shi da salatif, shafin ƙarshe ya ɓata, wanda ya riga ya karanta ya ba da ƙarshen da baki.

Hanyar Kano

Mafi yawan littattafan Hausa da ke wannan yawo daga Najeriya suke shigowa: ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ta Daura da Matamai zuwa Damagaram, ta Illela zuwa Ƙonni. Hanyar tsohuwa ce. Gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga baya Imam ya fitar da Magana Jari Ce mai juzu'i uku, wanda har yanzu shi ne littafin da iyaye da yayye suka fi miƙa wa yaron da ya fara iya haɗa baƙi.

Daga shekarun 1980 ne abin da ake kira adabin kasuwar Kano, ko littattafan soyayya, ya cika gidaje. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta shahara da Allura Cikin Ruwa. Littattafan sirara ne, masu araha, ana raba su kashi na ɗaya, na biyu da na uku. Wannan rabo ya sa ba a iya karatu a kaɗaice: wadda ke da na ɗaya dole ta nemi mai na biyu, kuma a wajen neman ake yin hira a kan labarin, a ambaci wani littafin. Masu ba da haya a kasuwa da cikin unguwa su ma sun zama masu ba da shawara, domin sun san abin da kowace mai zuwa ta karanta da abin da ya rage mata.

Mata su ne ƙashin bayan wannan karatu, marubuta da masu karantawa. Batutuwan da ake tattaunawa nasu ne: auren dole, zaman kishi, saki, karatun ƴa mace, uwar miji. Idan mace ta miƙa wa ƙawarta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, sau da yawa akwai maganar da take son faɗa mata wadda ba ta faɗuwa kai tsaye.

Daga takarda zuwa salula

A yau babban kaso na wannan musaya ya koma waya. Marubuta da dama ba sa zuwa maɗaba'a. Suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp, Facebook ko Wattpad. Akan ba da shafukan farko kyauta, idan mai karatu ya kamu sai a ce sauran na kuɗi ne. A ƙasan sanarwa sau da yawa akan ga an ware wa masu karatu na Nijar hanyar biya da sefa, alamar cewa marubutan Kano, Kaduna da Katsina sun san suna da kasuwa a wannan gefen iyaka. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kayan da ke bin mota sun tsaya, amma labarin da ke cikin waya bai tsaya ba.

Akwai kuma sauraro. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan Hausa, yanzu kuma ana samun karatunsu a YouTube, ana tura su cikin katin waya. Wannan ya shigo da waɗanda ba su yi lakol ba cikin hirar. Mai sayar da shayi da bai iya karanta boko ba yana iya gaya wa ɗalibin jami'a wane labari ne ya fi daɗi, domin ya saurare shi daga farko har ƙarshe yana aiki.

Ga ƴan ci-rani abin ya wuce nishaɗi. Wanda ke Libiya, Aljeriya, Lome ko Faransa yakan shafe yini yana magana da harshen da ba nasa ba. Littafin da ƙanwarsa ta turo masa daga Tasawa ko Madawa yana mayar masa da Hausar gida, kuma yana ba su abin hira da ya wuce gaisuwa da maganar aiken kuɗi.

Sai dai sauƙin turawa yana da nasa lahani. Littafin da aka saya sau ɗaya yakan bazu zuwa wayoyi masu yawa, marubuciyar da ta kwashe watanni tana rubutu ba ta ga ko dala ba. Wasu ma sukan cire sunanta su sa nasu. Mai tura wa aboki yana ganin alheri yake yi, alhali ya rage wa wadda ta rubuta abin da za ta sayi data ta ci gaba.

Akwai kuma ƙorafin batsa. Ba sabon abu ba ne: a 2007 gwamnatin jihar Kano ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya, abin da marubuta da yawa suka yi tir da shi domin an haɗa mai kyau da maras kyau. Yanzu da littafi ba ya bin maɗaba'a, babu edita kuma babu mai tacewa. Tacewar da ta rage ita ce ta bakin wanda ya riga ya karanta, shi ya sa tambayar "yarinya za ta iya karanta shi?" ta zama cikin tambayoyin farko da ake yi.

Littattafan gida da ba a ambata

Idan aka saurari sunayen da ke yawo a irin wannan hira, za a lura da wani gibi: marubutan Nijar ba su cika fitowa ba. Waɗanda suka yi lise sukan tuna da Une si longue lettre na Mariama Bâ ko L'Enfant noir na Camara Laye saboda jarrabawa. Masu bin sababbin littattafan Faransanci sukan yaba Les Impatientes na Djaïli Amadou Amal, ƴar Marwa a arewacin Kamaru, wanda ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban lise a 2020, kuma labarinsa na auren dole da haƙurin da ake ɗora wa mata ba baƙo ba ne ga kowace ƴar Maraɗi. Amma na gida fa?

Abdoulaye Mamani ya wallafa Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A yau sunan Sarauniya yana kan gidan rediyo da lambar girmamawa ta ƙasa, amma waɗanda suka riƙe littafin a hannu kaɗan ne. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Sarkin Damagaram Tanimun. Boubou Hama ya ci babbar kyautar adabin Afirka da Kotia-Nima. Amadou Ousmane ya fitar da 15 ans, ça suffit! a 1977.

Wanda ya fi kusa da rayuwar masu karanta wannan shafi daga waje shi ne Abboki ou l'appel de la côte na Mahamadou Halilou Sabbo, ɗan Tawa, wanda ya fito a 1978. Labarin matasan karkara ne da ke barin gona su nufi biranen gaɓar teku neman arziki, da abin da ke samunsu a can. Shekara fiye da 40 bayan fitowarsa, motoci na ci gaba da ɗaukar matasan Adar zuwa kurmi da arewa, kuma da wuya a samu wanda aka ba shi wannan littafi kafin ya hau.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Littattafan da Faransanci aka rubuta su, an buga yawancinsu a Paris ko Dakar, kuma ba a cika sake buga su ba. Mai karatun da ya saba da Hausar Kano mai sauƙi a wayarsa ba zai je neman tsohon littafin Faransanci ba sai wani da ya yarda da shi ya ce masa ya cancanci wahalar. Akwai masu ƙoƙari, irin su maɗaba'ar Gashingo a Yamai da ke buga littattafai cikin harsunan ƙasa, amma aikinsu ya fi isa makarantu fiye da fada da ɗakunan mata.

Kundin sake gina ƙasa da aka sanya wa hannu a ranar 26 ga Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka na iya ɗaga darajar harshe a takarda, amma ba ta iya sa mutum ya buɗe littafi da dare. Muddin ba a fassara Sarraounia da Abboki zuwa Hausar da tela da amarya za su karanta ko su saurara ba, kuma muddin sababbin marubutan Maraɗi da Damagaram ba su shiga bakin masu karatu ba, harshen ƙasa zai ci gaba da karanta labarin maƙwabta kawai.

Shawarar da ke aiki

Masu karatun da aka fi neman shawararsu suna da wasu ɗabi'u iri ɗaya. Ba sa cewa littafi "ya yi daɗi" su yi shiru. Sukan faɗi abin da yake magana a kai ba tare da tona ƙarshensa ba. Sukan faɗi ko an kammala shi ko marubucin na kan rubutawa, domin babu abin da ke ɓata wa mai karatu rai kamar labarin da aka yanke a tsakiya. Sukan faɗi wanda ya dace da shi, babba ko yaro. Sukan kuma faɗi sunan marubucin tare da na littafin, abin da ke taimaka wa mai nema ya samu na asali ya biya mai shi.

Ga wanda ke son farawa, gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka soma a 2016 domin mata marubuta, ta tara gajerun labarai da ake gamawa a zama ɗaya, kuma ana iya saurarensu. Ga wanda ke da tsohon Sarraounia ko Abboki a akwatin mahaifinsa, akwai matasa da yawa a unguwa da ba su taɓa jin sunansu ba. Ga ɗan ci-ranin da ke aika kuɗi gida kowane wata, kuɗin littafi guda ba zai rage komai a cikin aiken ba, kuma ƙanin da aka saya wa zai miƙa wa wasu goma bayan ya gama.