Dalilin da Ya Sa Ake Auna Masu Lafiya

Asibiti ba ya ganin kowa sai wanda ya je. Mutum da yawa suna ɗauke da ciwon huhu ko na zuciya, suna noma, suna kasuwa, ba su taɓa zuwa gaban likita ba. Saboda haka littafin asibiti kaɗai ba zai gaya wa Gwamnati yawan masu ciwo a ƙasa ba. Hanyar sani ita ce a zaɓi garuruwa da ƙauyuka, a bi jama'a har gida, a auna mai ciwo da mai lafiya baki ɗaya.

Ta wannan hanya aka gano abubuwan da ke jawo ciwon zuciya. A shekarar 1948 likitoci suka fara bin mutum 5,209 na garin Framingham a Amurka, suna auna su bayan kowace shekara biyu. Da tafiya ta yi nisa sai ya bayyana cewa masu shan taba, da masu hawan jini, da masu yawan kitse a jini sun fi saura kamuwa da ciwon zuciya. Gargaɗin da likita yake yi maka yau a kan taba da awon jini, galibinsa daga irin wannan bincike ya fito.

A nan Nijeriya, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ke Abuja ta yi binciken farko na ƙasa baki ɗaya a kan tarin fuka a shekarar 2012. Aka zaɓi wurare 70, aka kira duk wanda ya kai shekara 15, aka yi masa tambayoyi, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, wanda aka yi shakkarsa kuma aka karɓi kakinsa aka auna. An duba mutum 44,186. Sakamakon ya nuna cewa cikin kowane baligi dubu ɗari, kimanin 524 suna da tarin fuka a huhu, watau kusan ninki biyu na abin da ake zato a da. Ciwon kuma ya fi yawa ga maza.

Amma akwai abin lura. Cikin waɗanda aka kira, kashi 57 cikin 100 ne kawai suka fito. Idan jama'a suka noƙe, lissafi ba ya cika, kuma da lissafin ne ake tanadin magani da ma'aikata da na'urorin awo. Garin da ya ɓoye tarinsa, shi ne zai rasa rabonsa.

Don haka idan ma'aikatan lafiya suka zo ta hannun hakimi, ko dagaci, ko mai unguwa, a karɓe su, a amsa tambayoyinsu da gaskiya. Ba a tilasta wa kowa, ana bayani kafin a nemi yardarka, kuma ba a bayyana sunanka ga jama'a. Magidanci ya fito da kansa, ya kuma bar iyalinsa su fito.

Kada kuma a jira sai masu bincike sun zo. Duk wanda tari ya kai masa mako biyu, ya je asibitin Gwamnati a auna kakinsa. Maganin tarin fuka kyauta ne, kuma ana warkewa idan an sha shi har ƙarshe.