TSUTSAR DA KE KASHE TUMATIR DAGA ƘARƘASHI

Masu lambu a fadamun Gagare da Bunsuru, daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, sun san wannan abu: mutum ya yi ban ruwa da safe, rana na take tsaka sai tumatir ya yi yaushi, ganye ya yi rawaya, 'ya'ya su tsumbure. Wani ya ce taki ne ya gaza, wani ya ce sammu ne. To, a tumɓuke guda a duba saiwa. In an ga ta yi ƙulu-ƙulu kamar tasbaha, ɓarawon yana nan ƙarƙashi.

Wata tsutsa ce wadda ido ba ya gani. Sai a jera kamar 60 kafin su cika inci guda. Tana huda saiwa ta zauna ciki, wurin ya kumbura, hanyar ruwa ta toshe. Mace guda takan yi ƙwai ɗaruruwa, cikin mako 3 ko 4 kuwa 'ya'yan sun isa yin nasu. Ban da tumatir tana cin kuɓewa da gauta da tattasai da taba. Amma kada a ruɗe da ƙulun saiwar gyaɗa da wake, wanda ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi a gefe ya ke, ana murzawa ya fita. Nata kuwa jikin saiwar ne ya kumbura.

Masana sun daɗe suna neman lagonta. Tun 1855 aka gan ta a Ingila. A 1963 wani malami, Sydney Brenner, ya ba da shawarar a yi nazarin dangin waɗannan tsutsotsi, ya zaɓi wata 'yar uwarta wadda ba ta ɓarna. Aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 2002. Wajen 2007 aka fara yi musu ɗaki na roba garai-garai, bai fi kan sarki girma ba, da hanyoyi ciki sirara kamar gashi. Sai a sa tsutsa guda, a tura mata gishiri, ko zafi, ko a hana ta abinci, ana kallo da madubin likita. An tabbatar in wuya ta yi, 'yar uwan nan takan daina ci, ta daure har wata huɗu. Yanzu har masu ɓarnar ana gwada su haka.

Mai cin tumatir ba ta kai wasu danginta jimiri ba: zafi da bushewa da yunwa suna kashe ta. Nan manomi zai kama ta.

Na fari, da an gama tsinka a tumɓuke itacen da saiwarsa a ƙone. Na biyu, a kafce lambu cikin Maris da Afrilu, a riƙa juya ƙasa rana ta gasa ta. Na uku, kada a maimaita tumatir wuri guda. A sa gero ko dawa ko gyaɗa tsakani, shekara biyu. Na huɗu, a yawaita takin gida da ganyen dogon yaro.

Mafi muhimmanci shi ne wurin reno. Kafin a zuba iri a jiƙa shi, a rufe da farar leda mako 6 cikin zafi, ko a tara kara a ƙone a kai. Wanda ya sayi dashe a kasuwa ya duba saiwa tukuna, don dashe guda mai ƙulu ya isa ya ɓata lambu duka. Akwai irin tumatir mai jure mata, kamar Rossol, amma in ƙasa ta yi zafi ƙwarai juriyar takan ragu, saboda haka a yi dashe da wuri cikin hunturu.

Wanda ya ga alama ya kai saiwar ga Malamin Gona mafi kusa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da amfani mai albarka.